Dattijo Mai Shayar da 'Yar Giwa

Ka taɓa ganin mai taurin kai irin wannan dattijo? Ga shi a gidan renon marayun giwaye, rigarsa duk tabon madara. Matarsa, ina jin, ta haƙura da wanki. 'Yar giwar da ke gabansa kwana biyu ta ƙi shan komai. Ya ɗaga gorar madara sama, ita kuwa ta cusa hanci a hammatarsa tana shinshina. Minti sha tara ina ƙirgawa!

Na ce, "Baba, a zuba mata a bokiti mana!"

"Kai a bokiti aka shayar da kai?"

Bai sauke hannunsa ba. A minti na ashirin da uku ta fara zuƙa. Ɗaga naka hannun minti biyar ka ji.