Malam Shu'aibu da Baƙar Ƙasa

Ina ɗakin gwaje-gwaje a Zariya, ina wanke kwalabe, wayata ta yi ƙara. Bilkisu ce, babbar 'yar Malam Shu'aibu. Ba mu ko gama gaisawa ba ta ce, "Yaya Ladi, Baba ya cika da safen nan." Sai na ji bakina yana bin nata, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", ni da nake Kirista, domin a gidansu na saba jin wannan kalma duk ranar da abu ya fi ƙarfin mutum. Na zauna a kan kujera, ruwan famfo yana ta zuba, na kasa miƙa hannu in rufe shi.

Malam Shu'aibu ne ya koya mana kemistiri a sakandare a Birnin Gwari. Mahaifina ma'aikacin asibiti ne da aka kawo daga kudancin Kaduna, a can aka haife ni, a can na faɗa hannun Malam. Dogo ne, siriri, mai sanyin magana, farar rigarsa tas, amma ƙarƙashin farcensa ba ya rabuwa da ƙasa. Ya yi karatu mai zurfi a kan sinadaran ƙasar noma, an so riƙe shi a birni, ya ce shi ƙasar da yake son sani tana gida.

Ba na manta darasin da ya sauya mini hanya. Ya shigo aji da gorunan roba biyu da ya yanke wa gindi ya kifa. Ɗaya ya cika da yashin rafi, ɗaya da baƙar ƙasa da ya ɗebo a gindin wata ɗorawa a bakin daji. Ya ɗaga kwalbar wani ruwa shuɗi, ya ce jan ƙarfe ne narke a ciki. Ya zuba a kan yashin, ruwan ya ɗigo shuɗi kamar yadda ya shiga. Ya zuba a kan baƙar ƙasar. Muka jira. Da ɗigon ya fara saukowa, shuɗin nan ya kusa ɓacewa.

"Ina shuɗin ya tafi?" in ji shi.

Na ce, "Malam, dattin ne ya shanye."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Ladi, kada ki ce datti. Ki ce ban san sunansa ba tukuna."

Sannan ya bayyana mana. Ganye ya faɗi, saiwa ta mutu, ƙananan halittun da ido ba ya gani su ci su bar saura, shekara bisa shekara, har abin ya zama wani baƙin sinadari da masana ke kira humus. A jikinsa akwai wuraren kamu marasa iyaka, kamar ƙananan hannuwa. Idan ƙarfe da ya narke a ruwa ya zo wucewa, jan ƙarfe ne ko tutiya ko dalma, sai hannuwan nan su cafke shi, wani lokaci biyu su haɗu a kan ƙwaya ɗaya kamar yadda ƙaguwa ke damƙar abu. Wani su riƙe shi tamau, wani su riƙa sakar wa saiwar shuka kaɗan-kaɗan gwargwadon bukatarta. Ya ce har yanzu masanan duniya, da duk na'urorinsu, ba su daidaita a kan cikakkiyar siffar wannan abu ba. Da ya faɗi haka sai ya dubi ƙasar da ke tafin hannunsa, ya ce a hankali, "Tsarki ya tabbata ga Allah. Muna taka shi kullum." Ban taɓa ganin babban mutum yana mamakin abin da ya riga ya sani ba sai ranar.

Saboda wannan darasi na karanci kimiyyar ƙasa, kuma bayan shekaru na ga abin da ilimin Malam ya yi wa mutane. Lokacin da haƙar zinariya ta yi ƙarfi a yankinmu, akwai wani ƙauye wajen Tsohon Birnin Gwari da ruwan wankin ma'adinai yake gangarawa fadamarsu, inda mata ke noman alayyafo da latas na rani. Malam ya hau bayan babur ya je ya ɗebo ƙasa da ruwa da ganye, ya kawo mini Zariya da kansa. Da na auna, sai ga dalma, gubar da ta fi illa ga ƙananan yara. A gefen da ƙasar take fara mai yashi, ta shiga ganyen sosai. A gefen da take baƙa, wadda ta sha taki, dalmar tana nan a ƙasa, amma kaɗan ce ta hau cikin shuka.

Na yi murna, na ce, "Malam, ashe baƙar ƙasar ta cece su."

Ya girgiza kai. "Ba ta kashe dalmar ba, 'yata. Riƙe ta kawai ta yi. Ranar da ƙasar ta yi tsami, ko aka bar ta ta ƙare, za ta sake ta. Kada mu faɗa musu abin da zai sa su kwanta barci."

Na raka shi ƙauyen. Maganar ba mai sauƙi ba ce, domin masu haƙar 'ya'yan masu lambun ne, kuma da zinariyar ake cin abinci a gidaje da yawa. A ƙofar gidan mai gari wani saurayi ya miƙe ya ce, "Malam, ka zo ka hana mu neman halal ne?" Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ban zo hana ka ba. 'Yarka nawa ne shekarunta?" Saurayin ya ce ba a daɗe da yaye ta ba. Malam ya ce, "To dominta na zo." Ya roƙi mai gari, yana ce masa ranka ya daɗe, a karkatar da ruwan wankin daga fadama, a daina daka dutsen zinariyar a cikin gida inda yara ke rarrafe, a bar shuka ganye a gefen yashin, a riƙa zuba takin shanu da ruɓaɓɓen ganye maimakon a ƙone, a kuma kai yara asibiti a duba jininsu. Ba duka aka bi ba, ba kuma nan take ba. Amma an haƙa magudanar da za ta karkatar da ruwan, kuma saurayin nan yana cikin waɗanda suka riƙe shebur. An daina daka a gidaje da dama. Malam ya yi ta komawa, har matan lambun suka riƙa ajiye masa tabarma a inuwa.

Bai taɓa ba da wannan labari a matsayin nasararsa ba. In an yaba masa sai ya ce, "Ganyen da ya faɗi kafin a haife mu ne ya yi aikin."

Abin da ya fi damun sa a ƙarshen rayuwarsa shi ne daji. Shekarun da rashin tsaro ya rufe hanyoyi, bai iya shiga ya ɗebo ƙasa ba, bai iya kai ɗalibai ba. Zuwana na ƙarshe na same shi kwance, jiki ya yi rauni. Wani manomi daga Gayam, tsohon ɗalibinsa, ya zo dubiya da ƙwarya cike da ƙasar gindin itace daga gonarsa ta bakin daji. Malam ya ce a tada shi zaune. Ya ɗebi ƙasar ya murza, ya kai hanci ya shaƙa, ya lumshe ido. Da ya buɗe ya ce, "Tana nan tana aikinta. Duk abin da muke yi wa juna a sama, ita ba ta tsaya ba." Matarsa, Inna Asabe, ta juya baya tana share hawaye da gefen mayafi. Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakin Malam, ban da addu'ar da ya yi mini da zan tafi.

Allah Ya jiƙan Malam Shu'aibu, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ilimin da ya bari ya zama haske gare shi. Allah Ya ba Inna Asabe da Bilkisu da ƙannenta haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci bayansa. Allah Ya zaunar da Birnin Gwari lafiya, har yaran da ba su san fuskar Malam ba su shiga dajin nan ba tare da tsoro ba, su durƙusa, su ɗebi ƙasa su duba. Amin.