Baƙin Man da Ya Kai Yayana Asibiti

Shekarun baya, lokacin ban yi aure ba, ina zaune a ɗakin zauren gidan yayana a Suleja, mun kama wata gonar doya ni da shi a wani ƙauye can bayan Gawu Babangida. Shi tela ne, ni kuma ina tsaron shagon kayan waya a kasuwa. Ranar Asabar muke hawa babur ɗinsa mu tafi, mu dawo da yamma. Babur ɗin tsoho ne, irin na 'yan acaɓa, amma yana ji da shi kamar ɗan fari. Ni dai iyakar sanina a kansa tuƙi ne. Duk bayanin da yake yi a kan baƙin mai, wanne ne mai kauri wanne ne ruwa-ruwa, ta bayan kunnena yake bi.

Ranar da abin ya faru farkon damina ne, rana ta buɗe da zafi sosai. Muna gyaran kunya bayan azahar, Yaya ya sa ƙafa cikin wani tarin ciyawa da muka nome, sai na ji ya yi salati ya yi tsalle baya. Kafin in iso, maƙwabcinmu na gona, wani dattijon Gbagyi da muke ce wa Baba, har ya kashe abin da fartanya. Ya ɗaga shi a kan sanda, ya dube ni.

"Kububuwa ce," ya ce. "Ɗauko mashin."

A ɗan asibitin ƙauyen, ma'aikacin da muka tarar ya wanke wurin, ya ce allurar dafin maciji sai Suleja. "Kar ku tsaga, kar ku ɗaure da ƙarfi, kar ya taka ƙafar. Ku kama hanya yanzu." Mota ko ɗaya babu a ƙauyen, duk sun tafi cin kasuwa. Muka sa Yaya a tsakiya, Baba ya zauna a kan kariyar ɗora kaya ya rungume shi ta baya, ni na ja.

A hanyar ƙauyen ne, wajen wani gangare, na ji dutse ya bugi ƙasan injin. Ƙarar ta shiga kunnena sarai, amma ban ko rage gudu ba. Muka hau kwalta, muka wuce Lambata lafiya, Yaya har yana ce min in bi a hankali kar in kashe shi kafin macijin. Muna dab da Dikko muka tarar da cunkoso. Wata tirela ce ta faɗi ta gindaya a hanya, manyan motoci sun yi layi iya ganin ido, ƙananan sun cusa kai ta ko'ina sun toshe ɗaya hannun. Na sauka gefen titi na riƙa lallaɓawa a giya ɗaya, in na samu sarari in sa biyu.

Irin wannan babur ba shi da ruwan sanyaya inji, iskar gudu ce ke sanyaya shi. Ga shi babu gudu, ga mutum uku a kai, ga rana. Na fara jin zafi yana dukan ƙwaurina. Can sai ƙarar injin ta sauya, ta koma wani kaf-kaf-kaf kamar ana buga cokali a tukunya, ina murɗa totur yana nishi. Wani ƙauri ya taso.

Baba ya ce daga baya, "Yaro, mai na zuba. Ina ganin layinsa a ƙasa."

Na tsaya a gaban wata rumfa da wata mata ke sayar da fetur a kwalabe da baƙin mai. Muka sauko da Yaya muka jingina shi da bencinta. Ƙafar ta kumbura har ta wuce idon sawu, kuma da ya tofar da yawu sai na ga jini. Ma'aikacin asibiti bai faɗa min wannan ba, amma fuskar Baba ta faɗa min. Na zaro gejin mai na goge na mayar na sake zarowa. Ƙaf, ko laima babu a bakinsa.

Na fita titi ina tsayar da 'yan acaɓa. Duk wanda ya zo da mutum biyu ko uku a bayansa, fasinjojin da suka gaji suka bar motoci. Ɗaya ya tsaya babu kowa, ya leƙa ya ga jini a rigar Yaya, ya ce shi ba zai iya da tambayoyin jami'an hanya ba, ya ja abinsa. Na dawo rumfar.

Wani direban tirela da cunkoson ya tsare yana zaune a inuwar rumfar yana kallonmu. Ba tare da na roƙe shi ba ya je motarsa ya ɗauko sufana, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin babur ɗin. Ya ce dutse ya bugi notin da ake juye mai ta nan, ya sassauta, haƙoransa sun ɗan ci. Ya naɗa masa zaren buhu ya ɗaure iya ƙarfinsa.

"Zai riƙe, amma zai riƙa ɗiga," ya ce. "Madam, kawo masa mai."

Matar ta jero abin da take da shi a kan tebur, tana Hausarta haɗe da Turancin broka. Akwai na awo a tsohuwar robar ruwa, ita da kanta ta ture shi gefe ta ce ba ta san abin da aka gauraya a ciki ba, ba za ta ba mai ɗauke da mara lafiya ba. Saura uku. Wani na ƙananan motoci a roba mai sheƙi, ta ce shi manyan Abuja ke zuba wa motocinsu, babu wanda ya fi shi kyau a rumfar. Wani na injin dizal, wanda masu injin niƙa da janareta ke saye. Sai man giya na manyan motoci.

Direban ya ɗauki man giyar ya miƙo min. "Wannan za ka zuba. Dubi kaurinsa. Wancan na Abuja kamar ruwa yake, kafin ka kai Maje ya tsiyaye. Wannan ko rami ne a injin ba zai fita da wuri ba."

Maganarsa ta shige ni, domin mutum ne da ya tsufa a kan hanya, kuma yanzu ya gama taimakona. Matar kuma ta dage a kan nata, tana cewa mai tsada ba ya ɓata inji. Ni ga ni a tsakiya, ban san komai ba sai abu ɗaya: in na zuba wanda bai dace ba injin ya kama a cikin wannan cunkoso, babu wani babur ɗin da zan samu.

Na durƙusa gaban Yaya. "Yaya, wanne zan zuba?"

Idonsa a lumshe, gumi na keto masa. Ya motsa baki amma ban ji abin da ya ce ba.

Sai na tuna akwai ragowar man da yake zubawa a bayan ƙofar ɗakinsa. Na kira matarsa. Tsakanina da ita wasa ne kullum, Auta take ce min, don haka na gyara murya yadda ba za ta gane komai ba.

"Anti, don Allah duba min robar man babur da ke bayan ƙofa, me aka rubuta a jiki?"

"Yau kuma kai ne da tambayar baƙin mai? Ikon Allah." Na ji tafiyarta, na ji ta jawo robar. "An rubuta ashirin, sai W, sai hamsin. Ga hoton babur a jiki."

Na duba na kan tebur. Na Abuja biyar ne da talatin. Na dizal sha biyar da arba'in. Man giya kuwa ɗari da arba'in aka rubuta masa, shi kaɗai. Babu irin namu.

"In babu irinsa fa? Na mota zai yi?"

"Kar ka soma. Ƙanina ya taɓa aron babur ɗin ya zuba masa irin na mota mai ruwa-ruwa, kulochi ya riƙa sulɓewa, ka murɗa ya yi ihu ba ya tafiya. Sai da yayanka ya juye shi duka, ya yi ta faɗa." Sai kuma ta ce, "Auta, me ya sa ba shi ya kira ba?"

"Yana nan kusa, yana wani abu ne."

"Ba ni shi."

Na ce mata sabis ba shi da kyau, na kashe.

Na Abuja ya fita ke nan, saura biyu. Na buɗe man giyar na ɗiga a yatsa. Kamar zuma mai sanyi, da wani wari mai hawa kai. Ɗan abin da ya maƙale min a ka daga surutun Yaya shi ne, babur irin wannan injinsa da giyarsa da kulochinsa duk mai ɗaya suke sha, ba kamar mota ba da kowanne ke da nasa, kuma man sai ya bi ta wata siririyar hanya ya hau har saman injin. Na dubi abin da ke yatsana, na kasa ganin yadda zai hau ko'ina.

Direban ya ce, "Malam, lokaci na tafiya. Giya ai giya ce."

Baba ne ya kai kunnensa bakin Yaya, ya ɗago ya ce, "Ya ce ban da na giya."

Na ɗauki na dizal. Arba'in dai ta fi kusa da hamsin, iyakar lissafin da na yi ke nan. Direban ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ya sa a dace, bai ji haushi ba. Da na ɗauki butar matar zan watsa wa injin ruwa don ya huce da wuri, shi ne ma ya riƙe min hannu, ya ce ƙarfe mai zafi haka in ya ji ruwan sanyi tsagewa zai yi. Dole muka tsaya. Shi da matar suka yagi kwali suna yi wa injin fifita, Baba yana yi wa Yaya. A rayuwata ban taɓa jira mai tsawo kamar wannan ba, ga mutum yana tofar da jini, ni kuma ina tsaye ina jiran ƙarfe ya huce.

Wayata tana ta ruri a aljihu, matar Yaya ce. A ƙarshe na ɗauka.

"Maciji ne, Anti. Muna Dikko. Ki same mu a asibiti."

Na zaci za ta yi kururuwa. Cewa kawai ta yi, "Wane iri?" Na faɗa mata. Ta ce, "To," ta kashe.

Muka zuba man, na cusa ragowar a cikin rigata. Na buga kik, shiru. Na sake, shiru. Direban ya ce in bar totur in buga da ƙarfi. Na yi bismillah na buga, ya tashi. Ƙarar kaf-kaf ɗin ta ɗan yi, ta ragu, ta ɓace. Na ja kulochi na sa giya, na sake shi a hankali ina jiran in ji ya sulɓe. Bai sulɓe ba, babur ya ja.

Yadda muka fita daga cunkoson nan ban iya ba da labarinsa daidai ba. Na san mun bi ta bayan rumfuna, mun bi ta cikin wani gidan mai da ba ya aiki, wasu matasa sun ɗaga mana bayan babur a wani kwalbati. Da muka samu sarari iska ta fara dukan injin, zafin ƙwaurina ya sauka. Na tsaya sau ɗaya a hanya na ƙara man ba tare da kowa ya sauka ba. Yaya ya daina magana gaba ɗaya, kansa a kan bayana, Baba yana ta kiran sunansa yana ce masa ga Suleja nan.

A ƙofar asibiti muka tarar da ita tsaye da hijabinta a karkace. Ta riga ta yanki kati, ta faɗa wa ma'aikata irin macijin, an tanadi allurar, ta kuma taho da 'yan uwanta maza ko za a nemi jini. Keken marasa lafiya na gefenta. Da aka zo sauke Yaya sai da aka ɓamɓare hannuwan Baba daga jikinsa, sun sandare saboda riƙo.

An nemi jinin kuwa. Ya yi kwanaki a kwance, ya yi makonni kafin ya taka keken ɗinki da ƙafar, amma ya tashi. Babur ɗin sai da aka sauke injinsa aka sauya masa ringin fistin, bakanike ya ce tafiyar da ya yi babu mai ce ta cinye su, ba man da na zuba ba. Yaya ya ce na dizal ɗin ma ba abin zubawa kullum ba ne, na fita kunya ne kawai, aka juye aka mayar masa da nasa.

Yanzu ina da babur nawa, na san lambar man da yake sha, kuma ba na barin gari ba tare da ragowa a ƙarƙashin kujera ba. Amma in na tuna ranar, ba man ne ke fara zuwa min ba. Na ɓoye wa matar Yaya ne don ina ganin ba za ta iya ɗauka ba, alhali ita ce ta fi mu duka nutsuwa, kuma abin da ta shirya kafin mu iso shi likita ya ce ya taimake shi. Ba ta taɓa yi min gorin wannan ba. Sai dai har yau, in na kira ta na fara da wata 'yar tambaya, ko ta gishiri ce, ba ta amsawa. Sai ta ce, "Tsaya tukuna, Auta. Kowa lafiya?" Sai na ce lafiya lau, ta ji muryata ta yarda, sannan ta ce in yi tambayata.