Hajiyar da Ke Kai wa Lado Abinci

Zulaihatu mai ƙosai ce a bakin tashar mota ta Jimeta. A nan unguwar Alkalawa aka haife ta, a can ta auri Lado direban motar shanu, kuma tun ranar da aka kai ta ɗakinsa bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Haka ta ga uwarta ta yi. A gaban mutane Maigida ne. A cikin gida Baban Ilham ne, da sunan autarsu. In sun yi faɗa ya koma "wannan mutumin".

Shi kuwa tun daga ƙofar gida yake ƙwala mata kira: "Ke Zulai, uwar mita! Yau ma ƙosan da ya yi kwantai za mu ci?"

"In ba ka so, je ka ci ƙahon shanun da ka ɗauko," in ji ta, tana tura masa kwano.

A 2014 ya tafi Mubi lodi, 'yan Boko Haram suka shiga garin. Motar ba ta dawo ba, shi ma haka. Jimeta ta cika da masu gudun hijira. Kullum da hantsi Zulaihatu takan sauke kasko, ta bi makarantu da masallatai da coci-cocin da aka sauke mutane, tana cigiyar wani dogo mai tabo a goshi. In an tambaye ta sunansa, Ilham ce ke faɗa.

Shekara ta zagayo har ta wuce. Rannan Keturah, mai sayar da shinkafa kusa da ita, ta sauko daga keke tana haki.

"Maman Ilham, bar wutan nan! Na gan mijinki a Yolde Pate. Wannan goshi, ko cikin mutum dubu na san shi."

Suka same shi zaune a gindin mangwaro, ya rame, da rigar wani a jikinsa. Zulaihatu ta durƙusa.

"Maigida."

Bai motsa ba.

"Baban Ilham."

"Kira sunansa mana!" Keturah ta daka mata tsawa. "Wannan kunya naku sai ya kashe ku."

Zulaihatu ta dubi ƙasa, sannan ta ce a hankali, "Lado."

Ya waigo. Nan da nan ya cire silifas, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai.

"Na'am, Hajiya. Ina wuninku? Kun san ni ne?"

Ita ko filin jirgin Yola ba ta taɓa shiga ba, balle Makka.

"Ina da mata a Alkalawa," ya ce. "In kun je, ku gaya mata ina hanya."

"Ni ce."

Ya yi murmushin ladabi. "Allah ya ƙara girma, Hajiya. Matata yarinya ce, ga baki."

Abin da ya gani a daji, babu wanda ya sani. Aka kai shi asibiti, aka yi masa rubutu ya sha. Dangi suka zo, suka yi ta "Allah ya sawwaƙe", suka watse, ba wanda ya wanke masa ko hula. Ita ta ci gaba da suya.

Gida ya yarda ya zo, amma ya tsaya a zaure, wai ba ya shiga gidan mutane. Ranar da ta fito masa babu ɗankwali, ya juya fuska bango yana neman gafara, ya wuni bai ci komai ba. Duk sanda ta ce ita ce matarsa, sai ya fashe da kuka, ya naɗe tabarma, ya kama hanya. Sau ɗaya sai a gadar Jimeta aka tsinto shi.

Daga nan ta daina faɗa. Ta kafa ƙusa a bayan zaure, ta rataye hijabi. Har yau, in ta dawo daga tasha, sai ta sa shi, ta yi sallama a zauren gidanta, ta jira izini, sannan ta ajiye kwano.

Wani lokaci in ya gama ci sai ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

"Hajiya, na gode da ɗawainiya. Bari in je, iyalina na jira."

"Malam, ku zauna," takan ce. "Ta aiko. Ta ce ku jira ta a nan."

Sai ya koma ya zauna, ya zuba wa ƙofa ido.