Yayana Kafinta da Wasan Mutum Uku

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ana idar da sallar azahar, Allah Ya karɓi abinSa. Yayana kafinta, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya cika a ɗakinsa, 'ya'yansa biyu suna riƙe da hannuwansa, babban a dama, autan a hagu. Mai shi ne Ya kira shi, mu ma hanyar muke jira. Amma ku lura da abin da na ce: su biyu, a ɗaki guda, a bakin gado guda. Duk wanda ya san gidan nan a shekarun baya ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Yaya, alherinka ba ɓoyayye ba ne. Teburin da ka ƙera min ranar da na fara koyarwa, a kansa nake wannan rubutu, har yau bai taɓa girgiɗi ba. Bencunan makarantarmu kuwa, sau nawa ka shigo ranar hutu da guduma da ƙusoshi a aljihu, ka ɗaure su, ka fice ba wanda ya gan ka sai maigadi? Gwauruwar da ke bayan layinku ta zo gaisuwa tana kuka, ta ce ƙofar da ke rufa mata asiri kai ka sa mata, da ta yi maganar lada ka ce ragowar katako ne. Ƙarya kake, Yaya, Allah Ya yafe maka, ni na ga lokacin da ka yanko sabon katakon.

Abu guda ne ya gagari hannunka. Lokacin da matarka ta kwanta ciwon ajali, autanka direba yana kan hanya da lodi, bai iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Babban, wanda ka bar wa shago, ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Sai yanzu ka ga damar zuwa?" Shi ke nan fa. Daga wannan kalma suka ɗauki gaba. Wannan ya shigo, wancan ya fita. Na yi faɗa, na yi kuka, na tara dangi, duk a banza. Ka taɓa ce min ba mutuwa kake tsoro ba, tsoronka a ɗauki gawarka ɗaya yana kawar da kai daga ɗaya.

Sai ga shanyewar ɓarin jiki. Hannun da ya saba da zarto ya koma ko cokali ba ya riƙewa. Ma'aikaciyar da ke gasa maka hannu a asibiti ta ce ka nemi abin da zai riƙa motsa yatsunka, ta sa maka wani wasan faɗa a waya. Ranar da na same ka a kishingiɗe kana latsa waya, wasu 'yan mutum-mutumi suna ta naushin juna, na riƙe baki.

"Yaya, da furfurarka? Wannan shirmen da nake ƙwace wa yara wayoyi a aji saboda shi?"

Ka ce, "Zauna, Malama, yau ke ce ɗaliba."

Ka nuna min yadda yake. Mutum uku ne ke karawa da wasu uku, kowa daga inda yake, suna jin muryar juna. Wanda aka kayar ba ya tashi da kansa, sai ɗan'uwansa ya zo ya tsaya a kansa ya ɗaga shi. Mai ɗagawar kuma ba ya iya kare kansa a lokacin, dole na ukun ya tsare masa baya. Ni dai na ce ɓata lokaci ne, kuma ban janye duka ba har gobe: yana cinye caji, yana sa ciwon wuya, kuma a cikin baƙin da ake haɗa mutum da su akwai marasa kunya masu bakin zagi. Kai ma ba ka musa ba. Ka ce wanda zai yi shi da baƙi daga safe har yamma, gara ya je ya yi barci.

Ashe kai da naka lissafin. Ka kira babban ka ce likita ta sa ka, kuma baƙi suna zaginka, ya taimaka ya riƙa yin wasan da kai. Ka kira autan ka faɗa masa haka nan. Wa zai ce wa uba mara lafiya a'a? Kullum bayan la'asar sai a haɗu, kai a gado, babban a shago cikin ƙurar katako, autan a tasha yana jiran lodi. Wayyo, dariyar da na sha a farkon nan! "Baba, ce masa ya koma hagu." "Baba, ce masa ba makaho ba ne ni." Alhali kowa yana jin kowa.

Kai kuwa ba ka da aiki sai faɗuwa. Ana farawa ka ruga tsakiyar abokan gaba, su lakaɗa maka duka, ka ce, "Kash, na faɗi!" Sai ka bar su da juna. Babban ya zo ɗaga ka a kayar da shi. Autan ya zo shi ma a kayar da shi. Aka yi ta cin ku kamar ba gobe, har na fara jin kunya a madadinku.

Wata rana na shigo da sassarfa ban yi sallama da ƙarfi ba, na tarar da kai kana yi da baƙi. Yaya! Da babban yatsan hagu kaɗai ka share mutum uku, ko ƙwarzane ba su yi maka ba. Na ce, "Au, ashe ka iya?" Ka kife wayar a ƙirji ka ce, "Rufa min asiri, ƙanwata. In ban faɗi ba, me zai tara su wuri guda?"

Na rufa, kuma Allah Ya sa ina ɗakin ranar da abin ya faru. Ka faɗi kamar kullum. Abokan gaba biyu suka nufo ka. Sai muryar autan ta fashe daga cikin wayar, da ƙarar motocin tasha a bayanta: "Yaya, tsare min baya, zan ɗaga Baba!" Babban ko numfashi bai ja ba ya ce, "Ɗaga shi, ina nan, ba mai taɓa ka!" Suka ɗaga ka, kuka ci wasan, suna ta ihu suna kiran juna gwani kafin su tuna suna gaba. Ni na buga guɗa, ban san na iya ba. Kai kuwa hawaye yana bin kunnenka, kana dariya da rabin bakin da ya rage maka. Washegari aka ga motar autan a ƙofar shago, ana loda mata kujeru, wa da ƙani suna gardamar yadda za a ɗaure igiya.

To, masu tambayata ko wasan nan ya cancanci a yi shi, ga amsata a matsayin wadda ta fi kowa tsanarsa. Abin da taron dangi ya kasa, da faɗana da kukana, tsoho mai hannu ɗaya ya yi shi da wannan wasa. Ku nemi naku mutanen ku yi da su, in an kira salla ku ajiye.

Ranar jana'iza ina tsaye daga cikin gida ina leƙe. Da aka zo ɗaukar makara, na ji autan ya ce a hankali, "Yaya, kama gaba, ina bayanka." Abin da ka ji tsoro bai faru ba. Ka ci, Yaya, wallahi ka ci.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa ka da matarka a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka da matansu da jikokinka, da abokan sana'arka, da maƙwabtan da ka sa wa ƙofofi. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya bayan la'asar yaran suka shigo tare, suka ajiye min wayarka a kan teburin nan. Babban ya ce, "Goggo, wasan na mutum uku ne." Na karɓa. Ni dai ba da gangan nake faɗuwa ba, Yaya, ban iya ba ne. Amma duk sanda na faɗi, su biyun suke zuwa.