Tagumin Matar Dutse

Ku matso ku ji, tunda an ce wai na je kallon gumaka.

Mun tashi da asuba daga tashar Potiskum, ni da ko Nangere sai da dalili nake zuwa. 'Yata ce ta haihu a Ilori. Kullum a waya "lafiya lau, Inna", amma muryar ba ta yi min ba. Sanyin Jos ya sa na lulluɓa da zane biyu. Bayan Jebba aka kawo min amala, baƙi ƙirin, na yi bismilla na rufe ido. Da daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Bayan suna, mijinta ya ce zai kai mu wani gari, Esie, mu sha iska. A can akwai wani ɗaki cike da mutanen dutse, an sassaƙa su tun zamanin da. Yawanci suna zaune a kujera, hannu a gwiwa kamar masu jiran shari'a. Wani ya riƙe adda, wata ta sha kitso. Ba mai baki, amma kowa da abin da yake faɗa.

Sai ga wata a gefe, hannu a kunci. Mai gadin wurin ya yi bayani, surukina ya fassara: wai nutsuwa ce irin ta manya.

Na ce, "Wace nutsuwa? Tagumi ne!"

Mu a gida ba a barin mutum da tagumi, cire masa hannu ake yi. Ban san lokacin da na miƙa hannu zan cire mata ba. Mai gadi ya daka min tsawa. Surukina ya ce, "Haba Inna, dutse ne fa!"

Ina juyowa, ga 'yata a bakin ƙofa da goyo, hannu a kunci, sak irin na matar. Wannan kam na cire. Sai hawaye ya zubo mata. Ashe wuni take ita kaɗai a ɗaki, ba mai yi mata magana da Hausa, ba mai ɗora mata ruwan wanka.

Na ce wa surukina da ita zan tafi wankan gida. Ya ce ai ta ce lafiya lau take. Na ce, "Bakinta ka saurara, ni jikinta na duba." Sai ya je ya sayo tikiti biyu.

Yanzu tana garinmu Ngojin, tana shan kunun kanwa, har ta fara ƙiba. Masu cewa gumaka, ban yi wa kowa sujada ba. Na dai koyo cewa jiki ba ya iya ɓoye abin da baki ya ɓoye.

Ke da kike zargina, yaushe rabonki da ki dubi inda 'yarki take ajiye hannunta?