Cakulan a Bakin Mayafi

A shekarar da Inna ta zo mana London, gidanmu na unguwar Woolwich ɗakuna biyu ne da falo, sai wani kicin wanda in mutum biyu suka shiga dole ɗaya ya riƙe numfashi. Teburin cin abinci ɗaya ne, a falo. Ban taɓa ganin aibun wannan tebur ba sai da mahaifiyata da mijina suka zauna a gida ɗaya.

Inna mutuniyar da ce. A wurinta suruka ba ta kai loma baki a gaban mijin 'yarta, ko da yunwa za ta kayar da ita. Shi ma maigidan bai fi ta ba. Likita ne, yana wuni yana ba mutane umarni a asibiti, amma da ya hango Inna sai ya durƙusa, ya gaishe ta idonsa a kan kafet, ya nemi hanyar tsira. A Kano wannan ba komai ba ne, akwai zaure, akwai tsakar gida, kowa da sashensa. A nan kuwa Inna ta koma ci a bakin gado da ƙofa a rufe, shi ya koma ci a tsaye a kicin, ko ya shigo ya ce ai ya ci a wurin aiki. Ni da 'yata muka gaje teburin, ina ta jigilar kwanuka daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Wata safiya Inna ta kira ni ɗaki. Ta ce ta hana bawan Allah sakewa a gidansa, har ya fara ramewa, don haka in sa a matso mata da ranar tafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekaru na yi ina roƙonta ta zo, ga shi ko rabin zaman ba ta yi ba. Na ce mata to. Kullum ta tambaya sai in ce masu tikitin ba sa ɗaukar waya.

Ana cikin haka 'yata, wadda lokacin take da shekara takwas, ta dawo daga makaranta da labarin wani ɗan gidan tarihi na cakulan, ta kafa mana naci. Sai dabara ta faɗo mini. Na ce a raina, a cikin baƙin ido, inda kowa ke taunawa, wace kunya ce za ta yi ƙarko? Na sanar da su na yi booking, na biya kuɗin shiga na mutum huɗu, kuma ba a cancel, in an fasa kuɗi ya tafi. Ranar Asabar, ana tsakiyar zafin da Turawa ke tuɓe riga saboda shi, Inna ta yafa farin mayafinta na zuwa biki. Maigida kuma, tunda fita ce da suruka, ya fito cikin farar shadda tana ɗaukar ido.

Gidan tarihin bai da girma, amma ƙamshinsa tun daga bakin titi yake tarar mutum. Wata Baturiya mai fara'a ta zagaya da mu. Ta nuna mana ƙwallon koko, irin wanda ake nomawa a kurmi, ta fasa, ta nuna 'ya'yan da ke ciki. Ta yi bayanin yadda ake shanya su, a soya, a ɓare, a sheƙe, a niƙa har mai ya fito. Ina fassara wa Inna tana gyaɗa kai. Da muka iso gaban wani tsohon dutsen niƙa da aka killace da gilashi, ta dube shi, ta dube ni, ta ce ashe kuɗi muka biya mu kalli yadda ake ƙuli-ƙuli. Ta ce irin wannan dutse akwai shi a bayan ɗakinta, akuya na kwana a kai.

Da aka ce mutanen da suka fara sarrafa shi da barkono suke sha, ba sukari, sai ta ce to waɗannan su suka san abinci. Na danne dariya, don na san ita ce matar da ke zuba sukari a shayi har cokali ya kusa tsayawa. A gaban taswirar ƙasashen da ake noman koko kuma ta daɗe. Ta ce marigayi Baba, lokacin da yake fataucin goro, ya sha ba ta labarin wasu itatuwa masu 'ya'ya a jikin kututture, ba ta taɓa sanin nan suke ƙarewa ba.

Daga nan aka kai mu dogon tebur na ɗanɗano, kowa da ɗan faranti da gutsattsarin cakulan, daga mai ɗaci har zuwa mai madara. Allah da ikonsa, kujerar Inna ta faɗo daidai gaban ta maigida. Baturiya ta ce kowa ya ɗora ɗaya a harshe, kada a tauna, a rufe ido a bar shi ya narke. Kowa ya rufe ido. Ni na buɗe ɗaya. Ga su nan zaune, hannuwa a cinya, shi yana karanta silin, ita tana ƙirga tayil.

Baturiya ta damu. Ta matso a hankali ta ce babu giya a ciki, babu komai na alade, ko wani abu ne jikinsu ba ya so? Maigida ya ce lafiya lau, sun gode. Sai 'yata, mai jin Hausa ta amsa da Turanci, ta ɗaga murya don ta taimaka: "Kaka can't eat because Daddy is looking," wato Kaka ba za ta iya ci ba don babanta na kallo. Na so ƙasa ta tsage. Shi kuwa ya shiga gyaran hular da ba abin da ya same ta.

Aka ci gaba, aka sake rufe ido, wannan karon na rufe duka biyun don takaici. Da na buɗe a ƙarshe, farantin Inna wayam, na maigida wayam. Daɗi ya kashe ni. Na ce ashe abin da suke jira ke nan, a rufe musu ido. Har na fara yi wa kaina kirari a zuci.

A hanyar komawa bas ɗinmu ya maƙale a cunkoson titin Old Kent Road. Muna kujerun baya, inda zafin inji ke hurowa, tagogi kuma ba sa buɗuwa sai ɗan tsagi. Inna da 'yata suna gefe ɗaya, ni da maigida muna fuskantarsu, shi ya karkace yana kallon shaguna. Sai yarinyar ta ce, "Kaka, mayafinki is leaking."

Muka duba. A bakin mayafin akwai ƙulli, irin wanda Inna ta yi shekaru tana yi wa goro da canji, kuma daga ƙullin wani abu baƙi-baƙi yana bin farin yadi yana sauka. Ba ci ta yi ba, ƙullewa ta yi. Ta kwance, ta tarar da kwaɓi, duk ya dame mata yatsu. Maigida ya zabura zai yi abin kirki, ya zura hannu a aljihun gaba ya zaro hankici ya miƙa mata da hannu biyu. Hankicin ya fi mayafin ɓaci. A ƙirjin farar shaddar nan kuwa ga tabo ya shimfiɗu kamar tafin hannu.

Inna ta dubi hankicin. Sannan ta ɗaga kai ta dubi fuskarsa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba tun ranar ɗaurin aurenmu.

"Malam, kai ma?"

"Ni ma, Inna. Na ce in mun je gida na ci a kicin."

"Ni a ɗaki," in ji ta.

Dariya ta ƙwace mata. Ta ja mayafi za ta rufe baki, ta jawo ɓangaren da ya ɓaci, ta shafa wa kumatunta. Maigida ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa, 'yata har da buga ƙafa. Da ta lafa, Inna ta tsura wa yatsunta ido, ta ce almubazzaranci ba kyau. Ta yi bisimilla ta lashe ɗaya, a gabansa, a gaban duk mutanen bas, ta ce ashe abin da daɗi.

Da magariba na sauke tuwo, na ɗauki kwanonta zan kai ɗaki kamar kullum, sai na gan ta ta fito. Ba ta hau teburin ba. Ta zauna a kafet, ta fuskanci taga, ta ba shi baya. Shi kuma ya ja kujera can ƙarshen tebur ya fuskanci bango. Na tsaya a ƙofar kicin ina jin kowannensu yana ci, hawaye ya cika mini ido, na ce wa yarinyar yaji ne.

Inna ta wanke hannu, ba tare da ta juyo ba ta ce, "Waɗannan mutanen naki da ba sa ɗaukar waya, in Allah ya sa sun ɗauka, ki ce su bar tikitin yadda yake."