Fata Ta Rufe, Jini Bai Yarda Ba

A shekarun farin nan, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, ni direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, a Yamai. Asalina wani ƙauye ne a arewacin Tawa, amma a unguwar Yantala nake zaune da matata da yaranmu. Da yunwa ta tsananta aka tattara manyan motoci don kai dawar agaji cikin ƙasa, kowane ayari da sojojin rakiyarsa. Ina cikin direbobin. Zama ne a kan kujera mai zafi tun safe har faɗuwar rana, ga gumi, ga ƙarancin ruwan wanka.

A haka wani maruru ya fito mini kusa da dubura. Ya fashe, ya bar ɗan rami da ke tsiyayar da ruwa mai wari. Na ɗauka ɗan kanoma ne, na yi ta shan sassaƙe, ban gaya wa kowa ba don kunya. Matata ce ta gane a wajen wanki. Ba ta yi doguwar magana ba, ta ce gobe ko ina so ko ba na so za mu asibiti.

Likitan wani dattijo ne Bazabarme mai Hausar kasuwa. Ya ce ciwon ya haƙa hanya ne daga cikin hanji har zuwa fata, kuma sai an yi aiki. Aka yi. Bayan an sallame ni ya ce in riƙa dawowa ana ɗibar jinina. Ya nuna mini yadda suke zuba shi a wata siririyar kwalba su tsayar da ita. In akwai kumburi a jiki, jan jinin yakan yi saurin kwantawa ƙasa, in jiki na warkewa sai saurin ya ragu. Suna kuma ƙirga fararen ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta. Da farko nawa ya soma kyau, daga baya ya tsaya, sannan ya juya. A waje kuwa miki ya haɗe sarai, ina tafiya ba ɗingishi.

Ana nan sai na ji ayari zai tashi zuwa yankinmu. Mahaifiyata tana can, kuma tun da rani ya shiga ban ji labarinta ba. Sarjan ɗin da ke shirya tafiyar bai tilasta ni ba. Cewa kawai ya yi in ban iya ba zai ba wani motar. Na je wurin likita neman izini, ya duba sakamakon ranar ya girgiza kai.

“Abokina, fata ta rufe, amma akwai wuta ciki,” in ji shi. “Ka zauna gida.”

Na ce masa to. Washegari na hau mota. Matata ta ninke mini zane in zauna a kai, ba ta ce kada in je ba, don ta san wadda zan je nema.

Kafin mu kai Ƙonni zazzaɓi ya rufe ni. Na ci gaba da tuƙi a karkace, ina wuce mushen shanu da mutane masu tafiya kudu da tabarmi a ka. Da muka isa ƙauyenmu rabin gidajen babu kowa. Wani maƙwabci ya shaida mini cewa tsohuwa ta rasu tun kafin ma a yi mini aiki, ya nuna mini kabarin. Na tsaya na yi addu'a. Ina jiran hawaye, ba su zo ba. Na koma na tsaya ana sauke buhuna kamar kowa. A kwance aka dawo da ni Yamai a bayan motata, wani na tuƙi.

Mugunya ta riga ta bazu ta ciki. Likitan bai yi mini faɗa ba. Ya ce a wannan karon dole wuƙa ta taɓa naman da ke riƙe bayan gida, kuma ba lalle ya koma yadda yake ba. Na ce a yi. Na daɗe a kwance. Ranar da likitan ya zo da fara'a yana cewa jini ya daidaita, na warke da gaske, ji na yi kamar labarin wani yake ba ni.

Naman bai koma ba. Na bar tuƙi, na koma sayar da kayan mota a wata rumfa. Alwala ba ta zama mini, har sai da wani malami ya fahimtar da ni sauƙin da addini ya yi wa masu irin lalurata. Duk da haka a sahun baya nake tsayawa, kusa da ƙofa. Matata ta ɗauki wannan nauyi shekara da shekaru, ban taɓa jin ta faɗa wa ko 'yar'uwarta ba.

Ban rubuto don a tausaya mini ba. Abin da na koya shi ne, ido iyakarsa fata. Wanda duk aka yi wa irin wannan aiki, ya koma awon jini ko da yana jin garau, kuma in an ce ya zauna, ya zauna. Wanda ke ɓoye ciwon wurin don kunya, ya sani ɓoyon ne ke kai mutum ga abin da ba ya ɓoyuwa. Jikokina sukan tambaye ni me ya sa ba na bin su ƙauye da Salla. Nakan ce musu na gaji da hanya.